Cikin da Unguwa Ta Yi Mini

Akwai abubuwan da shekaru ke gogewa daga ran mutum, har in an tuna masa ya ce yaushe aka yi haka. To ni dai sati ukun nan da na yi kafin a yi mini aikin nono, ko zan tsufa har in manta inda na ajiye carbina, ba zan manta da su ba. A cikinsu ne unguwarmu ta Dagamanet a Agadas kaf ta yi mini ciki alhali ba ni da shi, ni kuma da wautata na karɓa na rungume.

Lokacin ɗiyata tana da wata goma sha ɗaya. Sana'ata ƙanƙara da ruwan bisap, wato zoɓo, firigo biyu nake da su a tsakar gida ƙarƙashin rumfa. Maigidana direba ne, yana kai ruwa da kayan abinci Jado wurin masu haƙar zinariya, sai mu yi wata biyu ba mu sa shi a ido ba. Ina cikin shayarwa na fara jin wani abu a nonona na dama, mai tauri kamar ƙwallon dabino. Na ce ruwan nono ne ya kwanta. Na gasa da ruwan zafi, na shafa man shanu, na ba shi wata guda ya narke, ya ƙi. Da na gaji na je gidan likita, aka ɗebi ɗan nama da allura aka aika Yamai.

Ranar da sakamakon ya dawo, likitan bai yi mini kwana-kwana ba. Ya ce ciwon daji ne, amma an gan shi da sauran lokaci, kuma an ba ni randebu, wato ranar aiki, a Yamai nan da sati uku, za a cire nonon, daga baya a bi da ƙarin ruwan magani. Ina zaune ina kallon bakinsa, ɗiyar kuwa tana kan cinyata tana ta jan wuyan rigata tana neman abincinta. Ya dube ta ya ce, "Madam, abu guda. Ki yaye ta tun yanzu. Ba a son yin aikin nan nono na zuba, kuma maganin da zai biyo baya bai kamata ya shiga bakinta ba."

Wallahi ban yi kuka a wurin ba. Na goya ɗiyata, na hau kabu-kabu, har muka iso gida abu ɗaya ke yawo a kaina: Inna.

Sai na yi muku bayanin mahaifiyata kafin ku gane tsorona. Ni ce 'yar farinta, kuma Inna irin mutanen da ne masu kunyar ɗan fari ta gaske. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Ke" ce ni, in ta yi nisa kuma "waccan." A hannun kakata na tashi, ko kitso Inna ba ta taɓa yi mini ba. Amma duk da haka maganarta a kaina yankan wuƙa ce. In ta ce ba ta yarda ba, ko ƙofar gida ba na iya ƙetarawa, don ni dai ban ga yadda zan kwanta a gadon aiki da fushin uwa a kaina ba.

Sannan ga abin da ya faru da ƙanwarta, wadda muke ce wa Inna ƙarama, da ta yi aure a Iferwan. Irin wannan ciwon ne ya ɗauke ta ina 'yar shekara goma sha biyu. A wurinmu an daɗe da yarda cewa daji in ƙarfe ya taɓa shi tashi yake ya bazu, don haka ba allura, ba wuƙa. Da kunnena na ji Inna a lokacin tana gaya wa mijin ƙanwar tata, da ya kawo zancen likita, cewa ba mai sa wa 'yar'uwarta ƙarfe tana raye. Wannan maganar ta zauna mini a kai shekara ashirin. Don haka na yanke shawara ni kaɗai: zan tafi a yi aikin, Inna ta ji daga baya.

Sai dai yaye ba ya yiwuwa ba da ita ba. Al'adarmu ce a kai yaro gidan kaka, a karɓo rubutun yaye wurin malam a dama masa a kunu, uwa kuma ta ɗauke ƙafa har sai ya manta nono. Na yi kwana goma ina jan jiki, kullum in ce gobe. Ranar wata Juma'a da hantsi dai na daure, na ƙulle kayan ɗiyar a zane, na nufi tsohon gari, gidanmu da ke wani lungu bayan babban masallaci.

Na tarar da Inna tana tsince shinkafa a faifai. Na durƙusa na gaishe ta, na ajiye ƙullin, na ce na kawo ƙawarta yaye.

Hannunta ya tsaya a cikin shinkafar. Ta dubi ɗiyar, ko tafiya ba ta fara ba. Na ga leɓenta na motsi, tana lissafin watanni. Sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaushe ne ma mai gidan naku ya zo hutu?"

Na ce, "Da ƙaramar Salla."

Ta ja tsaki mai tsawo. "Ai shi ke nan. Ku yaran yanzu ba ku da haƙuri ko kaɗan. Ɗiya ko shekara ba ta rufa ba. Miƙo mini ita tun ba ta sha ciki ta lalace ba."

Jama'a, a nan na yi kuskuren. A garinmu mace ba ta yaye jariri ɗan wata goma sha ɗaya sai da dalili ɗaya: kwanika, wato ta samu wani cikin tana goyo. Ban ma kawo wannan a raina ba sai da Inna ta faɗa. Kalma ɗaya ta ishe ni in gyara, amma sai na ji kamar an buɗe mini ƙofa ina tsakiyar gudu. Na sunkuyar da kai na yi shiru. Ita kuwa ta ɗauki shirun a kunya, ta karɓi jikarta, ta ce in tashi in ba su wuri, kada in sake in leƙo sai ta aiko.

Kafin in isa gida labari ya riga ni. Maƙwabciyata, wadda katanga ɗaya ta raba mu, mace mai baki kamar rediyo amma mai zuciyar kirki, tana tsaye a ƙofarta tana jirana. Tana ganin bayana ba goyo ta rangaɗa guɗa.

"Lalle direba ya iya tuƙi! Kwana shida kacal ya yi a garin ga, ya bar mana kaya ya koma Jado!"

Na yi dariyar da ba ta wuce haƙorana ba. Washegari ta aiko mini da tsamiya da farar ƙasa a 'yar leda, wai ta san abin da masu ciki ke kwaɗayi. Masu zuwa sayen ƙanƙara kuma kowace da nata. Wata ta ce kada in ɗauki bidon ruwa mai nauyi, wata ta ce ai ta daɗe da ganin na yi fari, wata tsohuwa har ta duba tafin hannuna ta ce namiji ne. Na rame don tunani, suka ce laulayi ne. Na kasa cin abinci, suka ce ai haka na farkon watanni yake. Duk abin da ciwon ya yi mini, unguwa ta samo masa gurbi a cikin nan da babu shi.

Gidan kuwa ya yi mini faɗi. Zafin bazara ne, kuran, wutar lantarki, na ɗaukewa tun hantsi, ƙanƙara ta narke ta bi tsakar gida, in tsaya ina kallon ruwan ban san abin da zan fara ba. Zama ya gagare ni. Na wanke labulayen gidan duka, har da waɗanda na wanke satin da ya wuce. Jakar tafiya na shirya ta na kwance ya fi sau goma: in sa zannuwa huɗu, in ce sun yi yawa, in cire biyu, in mayar da uku. Takardun analiz, na gwajin asibiti, na naɗe su a leda na ɓoye ƙarƙashin katifa, amma a wuni sai in ɗaga katifar sau biyar in tabbatar suna nan. Na kai wa tela yadi ya ɗinka mini riguna masu faɗi da maɓalli a gaba, kamar yadda wata malamar asibiti ta ba ni shawara, shi ma ya yi murmushi ya ce Allah ya raba lafiya.

An gaya mini hannun dama zai daɗe bai ɗagu sosai ba bayan aikin, sai na shiga koya wa hagu aiki. Shara da hagu, tuƙin tuwo da hagu, ƙulla ledar bisap da hagu, rabi na zubewa a ƙasa ina zagin kaina. Wata rana da azahar na kulle ɗaki, na tsaya gaban madubi, na danne nonon da tafin hannu don in ga yadda zan koma. Sai na naɗe ɗankwali na cusa a rigar ciki, na juya gefe, na juya ɗaya gefen. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Ina tsoron mutuwa, wannan gaskiya ne, amma a ranar abin da ya fi ci mini rai shi ne ban san cewa shan da ɗiyata ta yi da safiyar Juma'ar nan shi ne na ƙarshe a wannan ɓangaren har abada ba, da na bar ta ta daɗe.

Maigidana ya sani tun ranar farko. In wayarsa ta samu rezo a can sai ya kira, murya na yankewa. Mun shirya zai zo ya raka ni Yamai. Da na gaya masa zancen cikin, na zaci zai yi dariya. Sai ya ce, "Ki gaya wa Inna gaskiya. Abin ga ba zai ƙare da kyau ba." Na ce shi bai san Inna ba. Ya ce, "Ke ma ban ga alamar kin san ta ba." Na ji haushi na kashe wayar.

Saura kwana uku tafiya na je tasha na yanki tikiti biyu na kar, babbar motar da ke zuwa Yamai. Ashe ƙanin mijin maƙwabciyata a wurin yake aiki. Kafin la'asar ta leƙo ta katanga tana tambayata ko sayayyar kayan jariri za a je yi tun yanzu. Kafin washegari maganar ta isa bayan masallaci.

Da hantsi ina ƙoƙarin daka citta da hagu, sai na ji sallama. Inna ce. Inna da tun da aka kawo ni gidan nan sau ɗaya ta taka shi, ranar suna, shi ma a zaure ta tsaya. Ta bar ɗiyar wurin matar ƙanena, ta ratso gari cikin ranar nan da ƙafa. Ko tabarmar da na shimfiɗa ba ta kalla ba.

"Ke, an ce mini za ki tahi Yamai."

Na ce e, akwai 'yar hidima.

"Da ƙaramin ciki? Bisa hanyar Tawa, da ramukkan da ko buhun albasa sai ya ji jiki? Wace irin hidima ce ta fi ran da ke cikinki? To ki buɗe kunnenki. Ban yarda ba. Ba inda za ki sai kin sauka lahiya."

Kalmar nan da na yi sati biyu ina gudu, na yi ƙarya da shiru don kada in ji ta, ga ta ta same ni har tsakar gidana, kuma ni na share mata hanya. Sai na sauka lafiya! Cikin da babu shi yaushe za a sauke shi? In na bi maganarta randebu ya wuce, abin da ke ƙirjina kuma ba jira yake ba. In na faɗi gaskiya, a tunanina, wata "ban yarda ba" ce za ta biyo baya wadda ta fi wannan nauyi. Taɓaryar ta suɓuce daga hannuna.

Sai a lokacin ta dube ni sosai. Tun da aka yi yayen nonuwana suka cika suka yi tauri, ga zazzaɓi na ɗan taɓa ni, gaban rigata duk ya jiƙe. Ta ce, "Dubi yadda kika bar kanki. Ba wanda ya gasa miki?" Na girgiza kai. Ta yi tsaki, ta tuɓe mayafinta ta rataye a igiya, ta ɗora ruwa a wuta da kanta. Daga cikin ƙullin zanenta ta fito da wani ganye, ashe da ma ta zo da shi don wannan. Ta ce in shiga ɗaki in cire riga.

Da na san hanyar gudu da na bi. Na zauna a bakin gado, kunya da tsoro sun haɗu sun rufe ni. Matar da ba ta taɓa taje mini kai ba, yau ga ta durƙushe a gabana da tsumma da ƙwaryar ruwan zafi, ta kau da fuskarta gefe don ita ma kunyar take ji. Ta fara da na hagu, tana dannawa a hankali tana faɗa ƙasa-ƙasa a kan yaran zamani. Sannan ta koma na dama.

Na ji lokacin da yatsunta suka same shi. Faɗan ya tsaya a tsakiyar kalma. Ta ajiye tsumman, ta sake taɓawa da yatsu biyu, ta bi gefensa, ta tura shi ya ƙi motsi. Sai ta juyo da fuskarta, ta ga ɗan tabon allurar da aka ɗebi naman.

Ta ce, "Ba ciki gare ki ba."

Na ce, "A'a, Inna."

"Tun yaushe?"

Na gaya mata komai, ina kuka ina haɗa magana da majina: likita, sakamako, ranar aiki, da dalilin da ya sa na ɓoye. Na ce na ji abin da ta faɗa a kan Inna ƙarama, na san ba za ta bari a sa mini ƙarfe ba, ni kuma ba zan iya tsallake maganarta ba.

Ta zauna daɓas a ƙasa, ta miƙe ƙafa kamar wadda ta yi tafiyar wuni. Ta daɗe tana kallon hannunta. Da ta yi magana, muryar ba irin wadda na sani ba ce.

"Hannun ga ya san abin ga. Wata bakwai ina wanke ma ƙanwata shi. Mijinta ya samo mota za shi kai ta likita, ni na tare ƙofa. Na ce jiƙo za ya yi, hayaƙi za ya yi. Ba saiwar da ban haƙo ba cikin duwatsun can. Ana saura kwana biyu ta cika ta ce mini, Yaya, da kin bari an gwada. Ba wanda na taɓa gaya ma wannan. Kullum na kai goshina ƙasa sai na ji ta."

Ta share fuska da gefen zane, ta ɗago. "Yaushe ne tahiyar?"

Na ce jibi.

"To tashi ki sa riga. Ina jakar? Kawo in ga shirmen da kika zuba ciki."

Ta zazzage jakar nan da na yi kwanaki ina fama da ita, ta shirya ta cikin minti kaɗan, ta cire rabin kayan, ta ce a sayo buta da bargo mara nauyi. Ta leƙa ta katanga ta kira maƙwabciyata ta gaya mata gaskiya a taƙaice. Baiwar Allah ta dafe kai, ta fashe da kuka tana cewa ita da ta yi ta kawo mini farar ƙasa. Daga ranar ta karɓi firigona biyu ta riƙe mini sana'ar har na warke, kuma bakin nan nata da ya yaɗa cikin shi ya bi gida-gida ya kwashe shi.

Maigidana ya iso washegari. Ranar tafiya bayan sallar asuba muka je tasha, sai ga Inna ta riga mu, da ɗiyata a bayanta tana barci. Ban zaci za ta kawo ta ba, don kwanakin yaye ba su cika ba. Ta juya mini baya don in ga fuskar yarinyar, amma ta ce kada in taɓa ta ta farka. Na tsaya ina kallon ɗan bakin nan yana motsi cikin barci, na ji nono ya sake zubo mini. Na ce, "Inna, in ban dawo ba..."

Ta katse ni. "Nonon ga ya yi aikinshi ya gama. Ke ce ba ki gama naki ba. Ki tahi a cire."

Aka fara kiran fasinja. Na sa ƙafa a matakalar kar ke nan na ji an kira sunana daga baya, cikakkensa, da ƙarfi, a gaban direbobi da masu tallan burodi da kowa. Na waiga ina neman mai kiran, don ban san yadda sunan yake a wannan muryar ba. Inna ce. Ta ce, "Na yarda. Allah ya kai ki, ya maido mini ke."

An yi aikin. Watannin maganin da suka biyo baya ba zan ce muku sun yi daɗi ba, gashina ya zube, na koma kamar tsinke, kuma har yau hannun dama ba ya kaiwa saman kantar ɗaki. Amma ga ni. Ɗiyar da aka yaye da wuri tana karatu a lekol yanzu, ta fi kowa ci a gidan. Inna kuwa tun daga ranar ba ta sake kiran sunana ba, ta koma "ke" ɗinta kamar ba a yi komai ba, ni ma ban taɓa tayar da zancen ba.

Abin da na koya shi ne, ciwo irin wannan ba a rufe shi da shiru, don in ka yi shiru mutane za su cike gurbin da abin da suka sani, kuma da kyakkyawar niyyarsu za su iya tare maka hanyar magani. Na kuma koyi kada in ɗaure mutum da maganar da ya faɗa shekara ashirin baya. Na yi sati biyu ina ɓoye wa Inna ciwona don tsoron ta hana ni, ashe a duk faɗin Agadas ba wanda ya kai ta son a ce wani ya sake tambayarta, ta samu ta ce a je.